Gonar Bayan Gida Ta Zama Rukunin Gidaje: Wa Ya Tambayi Maƙwabta?

Gidan gwaggona yana gefen Kano, a ɗaya daga cikin unguwannin nan da shekara talatin baya ƙauye ne sosai, yau kuwa gari ya haɗiye su. Bayan katangarta akwai wata gona mai faɗi da ta gangara zuwa wani kwari. Da damina a shuka gero da wake, da rani yara su kafa raga su buga ƙwallo, Fulani su ratsa da shanu ta gefe. Duk ruwan da ya sauka a unguwar ta lungunta yake bi ya faɗa gonar, ƙasa ta sha abin da za ta sha, sauran ya tafi kwari. Ba wanda ya taɓa kiran gonar nan magudanar ruwa, amma aikin da take yi ke nan tun kafin a haife ni.

Wata safiya aka wayi gari da turaku masu jan fenti a kan iyakokin gonar. Bayan sati biyu tifofi suka fara juye yashi da tsakuwa. Da mazan unguwa suka je wurin mai unguwa, shi ma abin da ya sani bai wuce nasu ba: magada sun sayar, wani kamfani ya saya, kuma an ce da takardunsa daga gwamnati. Kafin damina ta zagayo an kewaye wurin da doguwar katanga, an cike gangaren da jar ƙasa har ya fi lungun tudu. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi a watan Yuli ya zo inda ya saba wucewa, ya tarar da bulo, sai ya juyo. Washegari na samu gwaggo tana shanya katifu a kan igiya, buhun masararta ya jiƙe har rabi, ga shaidar laka a bangon ɗaki ta kai gwiwa. Ta ce da ni, "Ɗan nan, ni ban hana kowa gini ba. Amma da sun tambaye ni, ai da na nuna musu inda ruwa yake bi."

Abin da ya same ta yana da suna a ofisoshin ƙasa da na tsara birane. Canjin amfanin fili ake ce masa. Kowane fili da gwamnati ta auna, an rubuta abin da aka ba da shi dominsa: gidan zama ne, ko kasuwanci, ko masana'anta, ko noma, ko makaranta, ko kuwa fili ne da za a bari fayau saboda iska da ruwa da wasan yara. Wannan sharaɗi yana nan ƙarara a takardar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, kuma a taswirar unguwa an ƙayyade har yawan gidajen da wuri zai ɗauka. Shi ya sa za ka ga filayen tsohuwar GRA ta Nassarawa da faɗi, gida ɗaya tal a tsakiyar itatuwa, na unguwannin talakawa kuwa ƙafa 50 ne a 50, ko a 75. Mai fili in yana son ya yi abin da ba shi aka rubuta masa ba, sai ya nemi izini, ya biya kuɗi, a sauya masa takarda. A Kano ma'aikatar ƙasa ce ke riƙe da takardun fili, hukumar KNUPDA kuma ita ke duba zanen gini ta amince ko ta hana. A Kaduna KASUPDA ce ke wannan aiki, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya.

Canjin yakan zo ta fuska biyu. Ko dai gona ce a bakin gari za a mayar rukunin gidaje ɗari biyu ko ɗari biyar, ko kuwa tsohon gida ne guda a cikin gari za a rushe a tayar da benaye masu cin iyali goma sha biyu. Kowanne aka ɗauka, ranar da aka sa hannu a takarda darajar ƙasar takan ninka. Gonar da aka saya da eka za a koma sayar da ita da fuloti, alhali ko tifar yashi ɗaya ba a ƙara mata ba tukuna. Wannan riba ta mai fili ce da kamfani, gwamnati ma ta samu kuɗin shiga. Nauyin kuwa, wato ƙarin ruwa a lungu da ƙarin motoci a hanya da ƙarin masu jan wuta a layi ɗaya, a kan wanda ba ya cikin cinikin yake sauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tushen rigimar ke nan duk inda ka ji ta, daga Kumbotso a Kano har Lugbe a Abuja.

Don a gane yadda har ake gama irin wannan ciniki maƙwabci bai ji ba, sai an koma ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, aka kuma ɗaure ta a jikin kundin tsarin mulki yadda gyara ta ba ƙaramin aiki ba ne. Dokar ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai muke riƙewa haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99 idan gidan zama ne. Mu a Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turba suke. Gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, kuma da zarar an ja layin birni ya haɗa da ƙauyenku, ikon ƙaramar hukuma a kan ƙasar ya ƙare, magana ta koma fadar gwamnati. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin kowa saboda maslahar jama'a, kuma shimfiɗa sabuwar unguwa yana cikin abin da dokar ta ƙirga a maslaha. Sashe na 29 kuma ya ce diyya ta abin da aka yi a kan ƙasa ce, gini da amfanin gona da itatuwa. Ita kanta ƙasar ba a biyan darajarta ta kasuwa. Manomin da aka karɓi gonar kakanninsa aka lissafa masa kuɗin gero da bishiyar ɗorawa biyu, ya dawo bayan shekara ya ji farashin fuloti ɗaya a cikinta, ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya san an kware shi.

Ba wai babu dokar da ta tuna da jama'a ba. Dokar tsara birane ta 1992 ta yi tanadin a baje daftarin tsarin gari a fili, mutane su gani su kawo ƙorafi. Sai dai a 2003, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta ce tsara birane hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha da irin dokarta da irin yadda take aiki da ita. Akwai kuma dokar nazarin illa ga muhalli, ita ma ta 1992, wadda ta wajabta a yi cikakken bincike kafin a gina rukunin gidaje da ya kai hekta 50, kusan filin ƙwallo 70 ke nan, a kuma ajiye rahoton na kwana 21 na aiki don jama'a su duba. To amma rukunin gidaje nawa ne suka kai hekta 50? Akasari hekta biyar ne, goma, sha biyar. Kamfani goma za su jeru a kan kwari ɗaya, kowa da hekta goma, babu wanda ya kai ma'aunin shi kaɗai, alhali ruwan da za su koro tare na hekta ɗari ne. Sanarwar ma idan an yi, a shafin jarida ta Turanci take fitowa, ko a manna ta a allon sakatariya. Gwaggona ba ta karanta jarida, amma ba ta rabuwa da rediyo, kuma mai unguwa yana iya tara mutane cikin yini ɗaya.

Kafin in shiga koke-koken maƙwabta, akwai gaskiyar da ba na son ta ɓace: garin nan yana bukatar gidaje, bukata mai tsanani. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano mutum kusan miliyan 2.8, kuma yaran da aka ƙirga a goye a lokacin, yau su ne ke neman ɗakin da za su sa amarya. Shahararren tsarin birnin da Bature Trevallion ya zana na shekara ashirin ne, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya cika, gari bai tsaya ba. Inda awon gwamnati bai kai ba, awon igiya ya cike gurbin: mai gona da dillali su ja igiya su yanka fulotai, a bar lungun da mota ɗaya ba ta wucewa sai da dabara, babu filin makaranta, babu na maƙabarta, babu inda aka ware wa lambatu. Haka sassa da yawa na Kurna da Rijiyar Lemo da Dorayi da Rimin Kebe suka tashi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya a kafaɗa zuwa bakin titi saboda mota ba ta shiga lungunsu, ya san rukunin gidaje mai tsari ba abin ƙi ba ne. Da an hana kamfanin nan sayen gonar bayan gidan gwaggo, ba gona za ta ci gaba da zama ba. Igiya za a ja mata.

Saboda haka ba a kan a yi gini ko kada a yi nake magana ba. A kan abin da ya kamata a warware ne kafin a sa hannu, kuma na farko shi ne ruwa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Kano cikin watan Agusta, hekta ɗaya tak tana karɓar lita 500,000. Jarka 20,000 ke nan irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Gona takan shanye kaso mai yawa na wannan, ta riƙe sauran ta sake shi a hankali. Kwano da kwalta da intalok ba sa shan komai, cikin 'yan mintuna suke tura shi gaba. To ina gaban yake? Injiniyan kamfani yakan zana kwatoci masu kyau a cikin katanga, ya kai su bakin ƙofa, aikinsa ya ƙare a nan. Abin da ke bayan ƙofa kwalbati ne da aka yi shekara talatin baya don ruwan unguwa mai gida hamsin. Ga kuma ciko: duk wanda zai yi gini a gangare sai ya ɗaga ƙasarsa, kuma duk taku ɗaya da ya ɗaga, ya mayar da gidan maƙwabcinsa rami ke nan.

Magabatanmu sun bar mana maganin wannan ba tare da sun zana taswira ba. Kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, suka zama ma'ajiyar ruwan damina. Ana ƙyamar su saboda shara da sauro, kuma da gaskiyar masu ƙyamar, amma kowane kududdufi da aka cike aka yanka fulotai, ruwan da yake ɗauka bai fasa sauka daga sama ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na maƙudan kuɗi, kuma abin da 'yan kasuwa suka yi ta nunawa da yatsa shi ne gine-ginen da aka tayar a kan hanyoyin ruwa da wuraren da a da fili ne.

Abuja ta fi ko'ina nuna yadda abin yake idan ya girma, domin ita garin da aka zana ne tun daga farko, da babban tsarinta na 1979 wanda ya ware kwaruruka da bakin rafuka a bar su kore. Daga shekarar 2000 gwamnati ta shigo da shirin ba kamfanoni manyan filaye su gina gidaje masu yawa. Yarjejeniyar ita ce gwamnati ta kawo babban titi da ruwa da wuta har bakin fili, kamfani ya yi na ciki. A wurare da dama, irin su Lokogoma da Lugbe, gidaje suka riga titi da magudana zuwa da shekaru. A watan Yunin 2023 ambaliya ta mamaye gidaje fiye da ɗari a rukunin Trademore da ke Lugbe, ba kuma karon farko ba, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i ta ce za ta rushe gidajen da ke kan hanyar ruwa. Masu gidajen suka ce su da takardu suka saya, kuma a fara gyara magudanan da suka yi wa ruwan kaɗan. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne, wanda ya saya a cikin katanga da wanda ke zaune a bayanta duk jirgi ɗaya ya ɗebo su. Ma'aikacin da ya tara kuɗin shekara ashirin ya sayi gida bai san tarihin ƙasar ba. Tsofaffin Gbagyi da suka noma wurin sun san inda rafi yake kwana idan ya cika, kuma da a ce tambayarsu tana cikin sharuɗɗan ba da izini, da an ji.

Kuka na biyu shi ne wanda takardun ofis ba su cika ambata ba, alhali a wurinmu yana gaba-gaba: leƙe. Gidan Bahaushe ciki yake kallo. Daga waje katanga ce da zaure, rayuwa kuwa a tsakar gida take, inda babu rufi. Nan ake girki da wanki da kitso, nan ake yi wa yara wanka, nan mata ke shimfiɗa tabarma su kwana idan zafin bazara ya hana zaman ɗaki. Katangar ƙafa takwas ko tara ta isa ta tsare wannan duka daga idon mai wucewa. Ba ta isa ta tsare shi daga barandar hawa na uku ba. Da aka gama benayen bayan gidan gwaggo, tagogi shida ne suka buɗe kai tsaye a kan madafarta. Surukanta suka koma wanke-wanke da hijabi a cikin gidan aurensu, aka sayo tamfol aka ɗaura daga bishiyar darbejiya zuwa bango, gidan ya yi duhu, iska ta daina shiga. Wanda bai tashi a irin wannan gida ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Mace ce aka raba da sakewa a wuri ɗaya tak da take da shi a duniya.

Kuma ba sabuwar mas'ala ba ce da za a ce ba mu da hukuncinta. Hadisin nan da kowane ɗalibin Arba'una ya haddace, cewa babu cuta babu cutarwa, a kansa malaman Malikiyya suka gina babi guda na hukuncin gini tsakanin maƙwabta: hayaƙi, wari, ruwan indararo, rijiya kusa da masai, da taga mai kallon gidan wani. Sun kawo cewa a zamanin Sayyidina Umar an yi ƙarar wani da ya gina ɗakin sama a Masar, aka ba da umarni a ajiye gado a ƙarƙashin tagar mutum ya hau ya tsaya; in yana hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta. A Tunis, cikin ƙarni na 14, akwai wani magini mai suna Ibn al-Rami da alƙalai ke aikawa ya duba irin waɗannan rigingimu, har ya tattara hukunce-hukuncen a rubuce. Ma'aunin da aka sa ya burge ni, domin ba a ce kada a yi bene ba. An ce a je a tsaya a duba abin da ido ke gani. Mai duba zane a yau yana iya yin haka tun gini yana kan takarda: a ɗaga tagogin baya sama da kai, a sa gilashi mai hazo, baranda ta kalli titi, benen da ke jikin iyaka ya zama mafi gajarta, dogayen su koma tsakiya. Duk wannan kusan kyauta ne kafin a zuba dekin. Bayan an zuba kuwa, sai kotu.

Sauran koke-koken sanannu ne. Mafi yawan birnin Kano a kan dutse yake zaune, ruwan ƙarƙashinsa ba shi da yawa, don haka idan aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi a jere, rijiyar guga ta maƙwabci ce ke fara ƙafewa. Rukunin gidaje yakan sa taransifomarsa, amma daga layin da unguwa ke sha yake ja. Motoci ɗari biyu za su riƙa fita ta hanyar da yara ke bi zuwa Islamiyya. Sai ita kanta katangar, wadda takan datse 'yar hanyar ƙafa zuwa maƙabarta ko kasuwa, ta toshe burtalin shanu, ta mayar da tafiyar minti biyar ta rabin awa.

Akwai kuma wani kukan da nake ji a irin waɗannan taruka wanda ba na goyon baya, kuma gara in faɗa. Shi ne na "ba mu san su wa za a kawo mana ba." 'Yan haya ne, gwagware ne, baƙi ne, ba yarenmu ba, ba addininmu ba, unguwa za ta lalace, darajar gidana za ta faɗi. Wannan ba cutarwa ba ce da za a auna da gado a ƙarƙashin taga. Rowar gari ce. Mu tuna cewa dokar gida ɗaya a ƙaton fili ba daga sama ta sauko ba: Turawan mulki ne suka ware wa kansu unguwa, suka bar tazarar yadi 440 da ba a gini tsakaninsu da 'yan ƙasa. Yau waɗannan unguwanni su ne ke da titi da bututun ruwa da kusanci da wurin aiki. In dai za a kiyaye itatuwa da magudana da sirrin maƙwabta, ƙara gidaje a can ya fi hankali a kan a ci gaba da cinye gonakin Ungogo da Dawakin Kudu. A duk taron ƙorafi akwai mutumin da ba ya halarta saboda bai tare ba tukuna: malamin firamaren da rabin albashinsa ke tafiya a kuɗin mota, da saurayin da aka ɗaga bikinsa sau biyu saboda rashin ɗaki. Shi ma yana da haƙƙi a garin.

Birnin Auckland na ƙasar New Zealand ya sha wannan muhawara a bainar jama'a, shi ya sa labarinsa ke da amfani gare mu. Tsadar gida ta kai musu iya wuya, sai hukumar birnin ta fito da sabon tsari da zai ba da damar ƙara gidaje a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama. Ba a ofis aka gama shi a ɓoye ba. An kafa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin wani alƙali, ya karɓi dubban ƙorafe-ƙorafe, ya yi kusan shekara biyu yana sauraro. A wani zama da aka yi a watan Fabrairun 2016, masu gidaje a unguwannin masu hali suka cika zauren, har suka riƙa yi wa matasan da suka tashi yin magana a madadin 'yan haya ihu. Duk da haka tsarin ya fara aiki a watan Nuwamban shekarar. Binciken da Ryan Greenaway-McGrevy na Jami'ar Auckland ya jagoranta ya ƙiyasta cewa cikin shekara biyar an ba da izinin ƙarin gidaje sama da 20,000 waɗanda da ba don sauyin ba ba za a samu ba, kuma kuɗin haya bai tashi yadda da zai tashi ba. Akwai masana da ke jayayya da lissafin, amma gidajen suna nan tsaye. Sai kuma a watan Janairun 2023 ambaliya ta auka wa birnin ta kashe mutum huɗu, hukumar ta koma tana neman taƙaita gini a wuraren da ruwa ke kwanciya. Masu cewa a ƙara gidaje sun yi gaskiya, masu tsoron ruwa ma sun yi gaskiya, kuma saboda an yi maganar a fili, kowa ya san abin da aka yanke da dalilinsa.

Mu kuwa mun ga kuɗin da ake biya idan alƙalamin mutum ɗaya ne ke sauya amfanin fili. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, katafila ta hau gine-ginen da gwamnatin da ta gabata ta ba da izininsu a filin sukuwa da tsohon otal ɗin Daula da sansanin alhazai da Filin Idi. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, asarar ta tabbata: dukiyar 'yan kasuwa ta zama ɓaraguzai, diyya kuma daga aljihun jama'a za ta fito. Da tun farko an kira mutanen gari an ce ga abin da ake son yi da filin da suke sallar Idi, da an ji amsarsu kafin a kafa tubali ɗaya. Haka nan biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015 da tituna da magudanai masu kyau, gidaje da yawa a cikinsu sun yi shekaru a rufe, domin masu bukatar ɗaki ba su ne masu kuɗin sayen su ba. Tambayar wa za a gina wa, ita ma tana cikin abin da ya kamata a yi a gaban jama'a.

Abin da nake ganin ya dace ba ya bukatar a taɓa kundin tsarin mulki. Duk wanda ya nemi canjin amfanin fili, a wajabta masa kafa babban allo a wurin, da Hausa, boko da ajami, mai faɗin gida nawa za a gina, hawa nawa, da ranar da za a saurari jama'a. A sanar a rediyo, a rubuta wa dagaci da mai unguwa, a yi zaman a makarantar unguwa, a kuma ware wa mata nasu lokacin, tunda su ne ke wuni a gidajen da abin zai shafa. Kada a karɓi zanen da ya tsaya a bakin katanga: injiniya ya bi ruwan da ƙafarsa har inda zai faɗa rafi, in kwalbatin hanya ya yi kaɗan a faɗaɗa shi daga ribar da canjin ya haifar, kuma a gama wannan kafin a sayar da gida ko ɗaya. Su kuma maƙwabta, ranar da aka ga turaku masu jan fenti ita ce ranar tashi, tun magana ba ta zama ihu bayan hari ba. A je a ƙungiyance, a rubuta takarda ga hukumar tsara birni a karɓi shaidar an kai, a nemi ganin izinin gini, a ɗauki hoton yadda ruwa ke bi tun ba a yi ciko ba. Wanda ya je da cewa ba ma so, da wuya a saurare shi. Wanda ya je da hoton lungu cike da ruwa da sunayen gidaje ashirin da ke kan hanyarsa, ya ba jami'in da ke son yin gaskiya abin riƙewa.

A unguwar su gwaggo, sai da dattawa suka yi sawu biyar, liman ya sa baki, kafin kamfanin ya yarda ya fasa gindin katanga ya shimfiɗa lambatu zuwa kwari. Aikin kwana tara ne da leburori shida. Daminar da ta biyo baya ruwa bai shiga ɗaki ba, ya tsaya a bakin zaure. Tagogin nan shida kuwa suna nan yadda suke, an sayar da gidajen, masu su sun tare, kuma mutanen kirki ne da ake gaisawa da su a masallaci. Tamfol ɗin rana ta cinye shi, bana aka sayo na uku.